Haɗa gas ɗin girki a gida a Sakkwato: daga sayen tukunya zuwa lissafin kuɗin wata

Ranar da na shigo da tukunyar gas gidanmu a Mabera, Inna na zaune bakin ƙofarta tana tsince shinkafa. Ta dubi abin da ɗan kabu-kabu ya sauke, ta dube ni, ta ce, "Wanga bam ɗin hwa, ina za ka aje shi?" Na ce madafa. Ta ce, "To, ni dai icce na gada, kuma ban taɓa jin icce ya tashi da rufin kowa ba."

Ba zan ce tsoronta shirme ba ne. Sai dai abin da shekarun nan suka koya mini shi ne, ba wannan ƙaton ƙarfen da ke ba mutane tsoro ke kawo yawancin ɓarna ba. 'Yan ƙananan abubuwan da ke tsakaninsa da murhu ne: regileta, tiyo, kilif ɗin da ke ɗaure tiyon, da wata 'yar roba da ba ta fi zobe ba. Mutum zai yi awa guda yana ciniki a kan tukunya, in an zo kan waɗannan sai ya ce a ba shi mai araha. A nan hatsarin yake, kuma ta nan kuɗin ke zurarewa.

Wace tukunya ce daidai da gidanka

A kasuwa za ka tarar da mai kilo 3, mai 5 ko 6, mai 12.5, sai manya masu kilo 25 da 50. Ƙananan nan da ake ɗaura wa murhu a ka sun dace da ɗalibi, ko gwauro, ko amarya da angonta su biyu. Amma kada a ɗora musu tukunyar tuwon mutum goma. Suna da tsayi, gindinsu kuma ƙarami ne, in uwargida ta sa ƙarfi wajen tuƙi sai komai ya kife. Gidan da ake girki sau biyu ko uku a rana, mai kilo 12.5 da murhun teburi mai kai biyu shi ne daidai: mutum ɗaya na iya ɗaukarta, tana shiga keke napep, kuma ba kullum ake hanyar gidan gas ba. Mai kilo 50 ta masu gidan abinci ce da manyan gidaje, ita kuma waje ake yi mata mazauni.

Idan ka je Babbar Kasuwa ko shagunan kayan gas da ke bakin manyan tituna, kada fenti ya ruɗe ka. Kwantar da ido a kan mariƙin da ke kewaye da bakin tukunyar. A nan, ko a gindinta, ake buga shekarar ƙira a jikin ƙarfen, da nauyinta in babu komai a ciki, wanda galibi ake sa wa haruffan TW. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, kuma so ake a sake gwada ta duk bayan shekara 5. Saboda haka tukunyar da aka ƙera a 2008 ta gama aikinta, ko da an yi mata sabon fenti tana walƙiya kamar motar ango. Juya ta ka duba gindi, don nan tsatsa ke fara ci. In ka ga alamar walda a jikinta, ko lotsawa mai zurfi, ko an goge lambobin, ajiye ta ka wuce, komai arharta. Ta hannu ba laifi ba ce in shekarunta na nan a bayyane kuma jikinta lafiya, amma in bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, sayi sabuwa ka huta.

Rubuta lambar TW ɗin nan a wayarka. Za ka gane amfaninta a gidan gas.

Ƙananan kayan da bai kamata a yi musu rowa ba

Regileta ita ce ke rage ƙarfin iskar da ke fitowa daga tukunya zuwa gwargwadon da murhu ke buƙata. Iri biyu ce, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Akwai mai ƙaramin ƙarfi, ta murhun teburi da na tsaye mai gidan gashi. Akwai mai babban ƙarfi, wadda ake murɗawa kamar famfo, ta manyan murahun ƙarfe da masu suyar ƙosai da masu girkin biki ke aiki da su. In ka haɗa mai babban ƙarfi da murhun teburi, wuta za ta riƙa tsalle tana barin kan murhu, gas ya ƙare da wuri, wani lokaci ma ya riƙa tsiyaya ta maɓallan kunnawa. Faɗa wa mai shago irin murhunka tun farko. Bakunan tukwane ma ba ɗaya ba ne, don haka ka sa a gwada regiletar a kan tukunyarka a gabanka. Ta kama daram, ba ta girgiɗi in an taɓa ta. Akwai masu agogo da ke nuna matsin iska, akwai masu yanke gas da kansu in tiyo ya cire. Ni na fi ba wannan ta biyun muhimmanci, don agogon ba ya faɗin gaskiyar abin da ya rage sai gas ya zo gab da ƙarewa.

Tiyo kuwa na gas za ka saya, mai kauri, wanda in ka dubi bakin da aka yanka za ka ga zare a tsakiyar robar, kuma akwai rubutu a jikinsa. Ba tiyon ban ruwa ba, ba fari mai sheƙi da ake zuƙo fetur da shi ba. Tsawonsa kada ya wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma kada a yi masa haɗi. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, sannan hunturu ya zo ya busar da komai, roba ba ta daɗewa. Ni duk shekara biyu nake canja nawa, ko ya nuna alama ko bai nuna ba. Lanƙwasa shi da hannu lokaci-lokaci. In ka ga 'yan tsage-tsage kamar faso, ya gama. Ɓeraye ma na son sa, musamman in mai ya ɗiga a kai.

Kilif biyu, na ƙarfe masu noti, ɗaya a kowane baki. Ba waya ba, ba tsumma ba, ba robar tayar keke ba. Sai 'yar baƙar robar da ke cikin bakin tukunya, wadda regileta ke zama a kanta. Sayi guda uku ko huɗu ka jefa a gwangwani. Kuɗinsu duka bai kai na kwanon abinci ba.

Inda za ta zauna

Gas ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya ba sama yake yi kamar hayaƙin itace ba, ƙasa yake kwanciya ya bi daɓe kamar ruwa, ya taru a lungu ko rami. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda bai dace ba: cikin kabad rufaffe, kusa da magudanar ruwa ko bakin shadda, ɗakin da ba taga, da ɗakin kwana. Gidajenmu masu tsakar gida da madafa a waje sun fi gidajen zamani sauƙin wannan al'amari, don iska na ratsawa. In madafarka ta cikin gida ce, mafi kyau a huda bango a fitar da tukunyar waje, a yi mata ɗan keji mai rufi da ke shan iska. In nisan ya fi ƙarfin tiyo, sai a kira wanda ya iya ya ja bututun jan ƙarfe.

A tsaye take zama, a kan daɓe mai kyau ko ɗan katako don kada ruwan wanke-wanke ya ci gindinta, kuma a inuwa. Ranar Sakkwato ba abokiyar wasa ba ce. Kada murhun gawayi, ko janareta, ko jarkar fetur su yi maƙwabtaka da ita. Murhun kuma a ɗora shi a teburi ko dakali, ya fi tukunyar tudu, nesa da labule.

A gidan gas

Hukumar NMDPRA, wadda ta gaji tsohuwar hukumar albarkatun mai ta DPR bayan dokar man fetur ta 2021, ita ke ba tashoshin ɗura gas lasisi. Tashar da ke da babban tanki da sikeli ta fi shagon unguwa araha a kan kowane kilo, don shi ma mai shagon a can yake saro nasa, ya zo yana juyewa daga babbar tukunya zuwa ƙarama. Na san ranar da gas ya ƙare ana tsakar tuwo ba wanda ke tunanin nisa, amma cikon wata dai a yi shi a tasha.

Ga inda TW ke aiki. In an buga 13.5 a jikin tukunyarka kuma ka biya kuɗin kilo 12.5, sikeli ya nuna 26 in an gama. Ka tsaya a kai, ka ga nauyinta kafin a fara da bayan an gama. Kada ka tura yaro da kuɗi kawai. Wani shago da na daina zuwa sai da na yi wata uku ina zargin uwargida da ɓarna, har muka yi 'yar sa-in-sa, kafin na ari sikelin rataye na wani maƙwabcina na auna a gida. Kilo ɗaya da ɗoriya babu. Washegari na sayi nawa sikelin, na kuma ba ta haƙuri.

Akwai kuma kuskuren da mu masu saye ke jawowa da bakinmu. Za ka ji mutum na cewa, "Malam, cika min ita tsaf, ƙara kaɗan mana." Gas a ruwa yake cikin tukunya, kuma yana kumbura in ya ji zafi, shi ya sa ake barin kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na cikinta babu komai. Kilon gas ɗin da aka ƙayyade mata an riga an cire wannan sararin. Wanda ya danna maka kilo 14 a tukunyar 12.5 a watan Afrilu bai yi maka alheri ba. Ni da bazara kilo 12 ma nake tsayawa, kuma da safe nake zuwa ko bayan la'asar. Kafin ka bar wurin, sa a ɗiga ruwan sabulu a bakinta a gani. A hanya ta tafi a tsaye, kuma kada ka bar ta cikin but ɗin mota a rana ka shiga kasuwa.

Haɗawa

Yi shi da rana, ƙofa da taga a buɗe, babu wuta ko garwashi kusa. Ka tabbata maɓallan murhu duk a kashe suke. Zura kilif biyun a jikin tiyo tukuna, don in ka manta sai ka sake cirewa. Tsoma bakin tiyon cikin ruwan ɗumi ɗan lokaci ya yi laushi, sannan ka tura shi a kan bututun murhu har ƙarshe. Kada ka shafa mai ko man shafawa don ya shige, mai na cin roba. Jawo kilif ya hau daidai kan bututun, ka ɗaure da sukudireba har ya kama, amma ba har ya yanka robar ba. Haka za ka yi a ɓangaren regileta.

Leƙa bakin tukunya ka ga 'yar robar nan na zaune lafiya. Regileta na kashe, ka ɗora ta, ka danna har ka ji ta ce ƙas, sannan ka ja ta sama kaɗan ka ji ko ta kama. Tiyon kada ya bi ta bayan murhu inda zafi ke dukansa, kada kuma ya naɗe.

Yanzu sai gwaji, kuma wannan ba a tsallake shi. Kaɗa garin sabulu a kofi ya yi kumfa. Buɗe regileta, murhu na kashe. Shafa kumfar da soso a bakin tukunya, da gindin regileta, da bakunan tiyo biyu, da tsawon tiyon gaba ɗaya. Zuba ido. In ka ga kumfa na hurowa tana girma kamar ana busa ta, akwai tsiyaya. Kashe, gyara, sake gwadawa. Har yanzu akwai masu gwadawa da ashana, wai su ga ko zai kama. Allah Ya shirye su.

Wajen kunnawa, in murhun ba mai kunna kansa ba ne, ashana ake fara ƙyastawa a kai ta bakin murhu, sannan a murɗa. Ba a buɗe gas a tafi neman ashana. In ya ƙi kamawa, kashe, jira iskar ta watse. Wutar kirki shuɗiya ce. In ta yi ja ko rawaya tana baƙanta gindin tukunyar miya, ko dai ƙurar hunturu da tafasar miya sun toshe ramukan kan murhun, ko iska ba ta shiga daidai. Cire kan, goge shi da tsohon burushi, tsokane ramukan da allura. Da dare kuma a fara kashe regileta wuta na ci, a bar abin da ke cikin tiyo ya ƙone, sannan a kashe murhu.

Gwajin kumfar nan ba na ranar farko kaɗai ba ne, duk ciko ake yin sa. Na koyi haka wata asuba cikin azumi. Na dawo da ciko da yamma, na ɗora regileta cikin gaggawar buɗa-baki ban gwada ba. Uwargida ta tashi ɗumama sahur, tana buɗe ƙofar madafa wari ya doke ta. Allah Ya sa ba ta kai hannu ga makunnin fitila ba. Ta zo ta tashe ni a hankali, "Baban Amira, taso, gas na zuba." Na shiga a duhu, ina jin wani siririn sauti kamar na maciji. Na kashe regileta, na cire ta, na kinkimo tukunyar zuwa tsakar gida. Da gari ya waye na zaro 'yar robar nan da tsinke: ta bushe ta tsage gida biyu. Ran nan da fura da ragowar tuwo mai sanyi muka yi sahur, Inna kuma ba ta ce komai ba, wanda ya fi maganar zafi.

Warin nan da gangan ake sa shi, don asalin gas ba shi da wari. Duk wanda ke gidan, har yara da 'yar aiki, ya san abin yi in ya ji shi: ba a kunna fitila ko fanka, ba a kuma kashe wadda ke kunne, ba ashana, ba waya a cikin ɗakin. A kashe regileta, a buɗe ƙofofi, a fitar da tukunya fili. In wuta ta riga ta kama a bakin tiyo kuma hannu na iya kaiwa ga regileta, kashe ta shi ne kashe wutar. In kuwa wuta ta kewaye tukunyar tana gasa ta, kowa ya fita ya yi nisa, a kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112. Ƙaramar tukunyar kashe gobara mai hoda, a rataye bakin ƙofa ba bayan murhu ba, tana cikin kayan da zan sa a lissafi.

Kuɗin

Kashi biyu ne. Na farko sau ɗaya ake yin sa: tukunya, murhu, regileta, tiyo, kilif, roba, cikon farko, da kuɗin dako. Tukunya da murhu su ke cinye mafi yawa. Ƙananan kayan nan duka, ko ka zaɓi mafi inganci, ƙaramin kaso ne a kan jimlar, shi ya sa rowa a kansu ba ta da ma'ana. Zaga shago uku ka rubuta farashin kowane abu daban kafin ka ciro kuɗi, kada ka yarda da "duka-duka kaza", don a cikin dunƙulen nan ake cusa maka regileta marar kyau. In kuɗin bai kai ba, sayi murhu mai kai ɗaya yanzu, ka ƙara daga baya. Masu haɗa kayan ɗakin amarya ma su ji: gara murhun teburi mai sauƙi da kayan haɗi na kirki, da ƙaton murhu mai gilashi da tiyon banza.

Na biyu shi ne ciko, shi kuma ba ya zama wuri ɗaya. A 2020 ana cika mai kilo 12.5 da abin da bai kai naira 5,000 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ya haura 15,000 a yawancin ƙasar nan. Mu kuma muna da ƙarin namu, don gas ɗin daga kudu yake tasowa, daga kamfanin NLNG da ke Bonny da tashoshin ruwan Legas, sai tanka ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000 kafin ta sauke a nan. Duk abin da ya taɓa dizal, ko dala, ko hanya, sai ya bayyana a sikelin mai gas.

Abin da ba ya canjawa shi ne cin murhu. Matsakaicin kai guda, a buɗe sosai, yana shan kimanin giram 150 a awa. Ke nan kilo 12.5 na ba ka awa 80 da 'yan kai. Mu ɗauka, don misali kawai, kilo na naira 1,200: ciko 15,000 ke nan, awa ɗaya ta girki naira 180. Gidan da ke kunna kai ɗaya awa uku a rana zai yi kusan mako huɗu. In kai biyu ke ci tare tsawon wannan lokaci, mako biyu ne. Sa farashin yau a gurbin 1,200 ka buga naka, sannan ka kwatanta da abin da kuke kashewa a gawayi ko itace a wata, wanda da yawa ba su taɓa tarawa ba saboda kullum ɗari biyar-ɗari biyar yake fita. Da wannan lissafin za ka ga nauyin kilo ɗayan da ake taushe maka: in duk wata ne, a shekara ka yi kyautar kusan tukunya guda.

Sauran ya rage ga hannun mai girki. A gama yanke-yanke da jajjage kafin a kunna. A rufe tukunyar girki, in ta tafasa a rage wuta, don tafasa ba ta ƙaruwa da ƙarin wuta. Harshen wutar da ya fito gefen tukunya iska yake dafawa. Wake a jiƙa shi tun dare. Iskar hunturu na kwashe zafi, sai a kare murhun daga kaɗawarta ba tare da an toshe taga ba. Ganda, da ƙafar sa, da ruwan wankan gida guda, da girkin suna kuwa, ni ban ga dalilin ƙona musu gas ba. Murhun gawayinmu na nan a can ƙarshen tsakar gida saboda su.

In wuta ta fara yin ƙasa, kada a kwantar da tukunyar gas ko a tsoma ta a ruwan zafi wai a tatse saura. Rataya ta a sikeli, cire TW, abin da ya rage shi ne gas ɗinka. Mu muna rubuta ranar kowane ciko a bangon madafa, mun kuma ajiye 'yar mai kilo 3 a cike a inuwar zaure, saboda gas bai san an sa garin tuwo a ruwa ba. Ita ce ma Inna ke aikowa a ɗauko mata in sanyi ya yi, ta ɗora ruwan alwala, amma sai an fitar mata da ita tsakar gida tukuna.